Rumbun ajiya na waje yana cewa a yi masa fomat, ta ina za a fara?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Rumbun ajiya ne na waje, eksitanal, ƙaramin nan mai inci 2.5, terabayit 1, wanda yake shan wuta ta kebul ɗin USB. Idan aka jona shi fitilarsa tana kamawa, ana jin yana juyawa, amma sai ya yi kusan minti uku kafin Windows ta nuna shi. Wani lokaci folda ta buɗe, kwafi ya fara sai ya tsaya cak. Wani lokaci kuma ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Fayilolin ciki ba su da kwafi a ko'ina. Me ya kamata a fara yi?

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam. Ki fara cire shi daga kwamfuta yanzu, kada ki sake jonawa don a gwada ko zai buɗe. Rumbun da ya fara lalacewa, duk mintin da ya yi yana juyawa ƙara masa rauni yake yi. Kuma kada ki danna fomat ko da wasa. Sai ki amsa min tambayoyi uku. Idan kika kara kunne a jikinsa, me kike ji: juyawa sumul, ko ƙwas-ƙwas a jere, ko ƙara kamar ta sauro? Ya taɓa faɗuwa, musamman yana aiki? A Disk Management, wurin da Windows take jera rumbuna, girman nawa yake nunawa, kuma me aka rubuta a kansa, NTFS, tsarin fayil na Windows, ko RAW, wato ta kasa gane tsarinsa?

Nafisa: Yana juyawa lafiya, Injiniya. Babu ƙwas-ƙwas a jere, sai dai in kwafi ya maƙale ana jin 'yar ƙara ɗaya-ɗaya. Bai faɗi ba. Yana nuna gigabayit 931, an rubuta RAW.

Auwalu: Ai wannan mai sauƙi ne. Ki buɗe wurin rubuta umarni ki sa chkdsk /f /r da harafin rumbun. Zai gyara tsarin ya dawo NTFS.

Malam Ɗanjuma: A'a Auwalu, wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Aikin chkdsk shi ne ya daidaita tsarin fayil, ba ruwansa da ceto fayilolin mutum. Idan ya tarar da rajistar da ya kasa karantawa, yanke ta yake yi, ya tattara gutsattsarin ya zuba a folda mai suna found.000, kuma a kan majinyacin rumbun yake rubuta duk wannan, babu komawa baya. Shi kuma /r ɗin cewa yake a bi kowace sekta, wato ƙaramin yankin da rumbu yake ajiye bayani, a karanta, a nace a kan wadda ta ƙi. Awanni ke nan ana gurza allurar karatu da ta riga ta raunana a daidai inda farantin da ke ɗauke da bayanan ya fi lalacewa. Ƙari a kan haka, in fatishan, wato sashen rumbun da fayiloli suke ciki, ya zama RAW, sau da yawa chkdsk ƙin aiki ma yake yi.

Auwalu: Amma Malam, yana aiki fa a wasu lokutan.

Malam Ɗanjuma: Yana aiki idan rumbun lafiyarsa ƙalau, an dai fizge kebul ana cikin rubutu tsarin ya rikice. Jinkirin minti uku da maƙalewar kwafi ba alamar rikicewar tsari ba ce, alamar jiki ce. Ba a shan magani kafin a san cutar.

Habu Fanel: Kafin a yi nisa, a kawar da zargin wuta da kebul, don su ne mafi sauƙin gwadawa. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900. Ƙaramin rumbu a lokacin da motarsa take tashi yana iya jan abin da ya kusa amfiya guda. In wuta ta gaza, sai ka ji yana son tashi yana komawa, har da ƙarar da za ta sa a ɗauka allura ce ta mutu. Saboda haka a canja kebul, a samo gajere mai kauri, a jona kai tsaye ba ta na'urar raba kafofi ba, in kwamfutar tebur ce a yi amfani da kafofin baya. Bakin nan mai faɗi na jikin kwanson shi ma yana saurin sakin dalma. Tsohon kebul ɗin waya mai ƙaramin baki yana shiga ɓangare ɗaya na bakin, zai yi aiki da saurin USB 2.0, kuma ya isa a gane ko layukan USB 3.0 ne suka sami matsala.

Injiniya Sabo: Na yarda da Habu, amma gwaji ɗaya tak, kuma a haɗa shi da duba lafiyar rumbun don kada a kunna shi sau biyu. Tunda ya nuna 931, albishir ne. Terabayit 1 na kamfani haka Windows take lissafa shi, ke nan rumbun yana iya karanta manhajarsa ta ciki ya faɗi girmansa daidai. Da ya nuna sifiri ko wani baƙon adadi, da maganar ta canja.

Nafisa, ki sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar rumbu, a kwamfutar kafin ki jona rumbun. A cikin saitinsa ki mayar da ɗanyen adadi zuwa lissafin goma, domin a asali da lissafin sha shida yake nunawa, mutum ya ga 100 ya zaci ɗari ne alhali 256 ne. Ki jona da sabon kebul, ki duba layuka huɗu, ki rubuta, ki cire. Layin 05 sektocin da suka mutu aka maye gurbinsu. C5 waɗanda suka ƙi karantuwa suna jiran hukunci. C6 waɗanda aka kasa gyarawa. C7 kurakuran hanya tsakanin rumbu da kwamfuta. In C7 ne kaɗai ya hau, kebul ko allon kwanso ne. In C5 ne, farantin ne ko allura.

Nafisa: Na canja kebul, jinkirin yana nan. 05 ya nuna 312, C5 ya nuna 1184, C6 sifiri, C7 sifiri. Ya rubuta gargaɗi da ruwan ɗorawa. Na cire shi.

Injiniya Sabo: To an gano. Ba kebul ba ne. Sektoci ne suke mutuwa, kuma da alama wasu sun faɗa a farkon fatishan ko a cikin MFT, babbar rajistar da NTFS take ajiye sunan kowane fayil da wurin zamansa. Shi ya sa yau ya buɗe, gobe ya ce RAW. Kuma 1184 waɗanda rumbun ya ci karo da su ne kawai, na gaske suna iya fin haka. Abin yi shi ne a kwafe rumbun gaba ɗaya sekta-sekta zuwa wani lafiyayye, sannan duk wani gyara a yi shi a kan kwafin.

Sadiya: Yaya Sabo, ina da ja a nan. Tunda wani lokaci yana buɗewa, me zai hana ta fara jan fayilolin da suka fi muhimmanci? Kwafe terabayit guda yana iya cin yini ko fiye. In ya mutu a tsakiya, an kwafe fili marar amfani an bar abin da ake so.

Injiniya Sabo: Ja ne mai ma'ana, ƙanwata. Matsalar ita ce yadda Windows take kwafi. Da zarar an jona, tana leƙa rajista, tana haɗa ƙananan hotunan folda, manhajar kashe ƙwayar cuta tana bincike, allura tana ta kai-kawo. In ta haɗu da mummunar sekta sai ta tsaya tana maimaitawa har komai ya daskare, kuma ba ta ajiye tarihin inda ta tsaya. Shi kwafin sekta-sekta a jere yake tafiya, wanda ya fi sauƙi ga allura, yana tsallake wurin da ya ƙi.

Malam Ɗanjuma: Akwai tsaka-tsaki tsakanin maganganunku. A cikin kayan ddrutility akwai ddru_ntfsbitmap, wanda yake karanta taswirar NTFS ta wuraren da ke ɗauke da bayanai, ya fitar da fayil ɗin iyaka. Sai a ba ddrescue, manhajar kwafin sekta-sekta, wannan fayil da -m, ya kwafi wurin da ake amfani da shi kawai. In rumbun rabi ne a cike, an rage rabin wahalar. Sharaɗin shi ne taswirar ta karantu. A rumbun da yake komawa RAW ba lallai ba ne, amma ya cancanci a gwada sau ɗaya.

Sadiya: To da wannan na gamsu.

Nafisa: Don Allah a yi min bayanin ddrescue ɗin dalla-dalla.

Injiniya Sabo: Kayan aiki uku: filashi da aka ɗora wa SystemRescue, wato Linux ta aikin ceto da ake tayar da kwamfuta da ita, lafiyayyen rumbu na terabayit 2, da ƙaramar fanka. In Ubuntu za ki yi amfani da ita, sunan kunshin gddrescue, amma ki kashe buɗe rumbu da kanta. SystemRescue ba ta buɗe komai sai an ce ta buɗe, shi ya sa na fi son ta.

Dalilin terabayit 2: rumbunki bayit 1,000,204,886,016 ne in irin na yau da kullum ne, kuma fayil mai wannan girman ba zai shiga cikin wani terabayit 1 da aka yi wa fomat ba, tunda tsarin fayil ya ci nasa rabon. Kada kuma ya zama FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4. NTFS ko ext4 sun yi.

Ki tashi kwamfuta daga filashin, ki jona lafiyayyen ki buɗe shi a /mnt/sabo, sannan a ƙarshe ki jona majinyacin. Ki rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Ki tabbatar da wanne ne wanne ta girma da lambar jiki. Nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa: a juya tushe da mazubi, a shafe majinyacin da fanko. A ce majinyacin shi ne sdb. Zagaye na farko:

ddrescue -n -N /dev/sdb /mnt/sabo/rumbu.img /mnt/sabo/taswira.map

Harafin -n yana hana shi kankare munanan wurare sekta ɗaya-ɗaya, -N kuma yana hana shi datse gefunansu. Wato a kwashe mai sauƙi tukuna. Fayil na uku, taswirar, shi ne ran aikin. A ciki yake rubuta abin da ya samu da abin da ya rage, don haka in wuta ta ɗauke ko rumbun ya ɓace, ki maimaita umarnin da taswirar nan, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda ya manta taswira, in aka katse, daga sifiri zai koma.

Idan zagayen farko ya ƙare, sai na biyu:

ddrescue -d -r1 /dev/sdb /mnt/sabo/rumbu.img /mnt/sabo/taswira.map

Shi -d karatu ne kai tsaye ba ta ma'ajiyar wucin gadi ta Linux ba, -r1 kuma sake gwadawa sau ɗaya. Fankar ki saita ta a kan rumbun tun daga farko, kada zafinsa ya haura digiri 45 zuwa 50.

Habu Fanel: Ƙarin bayani biyu. Idan rumbun ya ɓace aka sake jonawa, sunansa yana iya komawa sdd ko wani, don haka a sake duba lsblk kowane karo, ko a yi amfani da sunan da ke cikin /dev/disk/by-id wanda ba ya canjawa. Na biyu, allon da ke fassara SATA, bakin haɗin rumbun na asali, zuwa USB shi ne yake yawan sumewa in rumbu ya daɗe bai amsa ba. In za a iya ɓare kwanson a fito da rumbun a jona shi da SATA kai tsaye a kwamfutar tebur, aikin ya fi tafiya. Kwanson roba nake nufi, ba murfin ƙarfen rumbun ba.

Hajiya Rakiya: Malam Habu, a yi hattara da wannan shawarar, ba kowanne ake yi wa haka ba. Ƙananan WD My Passport da Elements da dama, bakin USB a jikin allon rumbun yake, babu SATA ko kaɗan. Wasu manyan kuma, kamar wasu My Book, allon kwanson yana rufe bayanan da sirri, in ka cire rumbun ka jona kai tsaye shirme za ka gani. Akwai kuma kwansunan da suke nuna wa kwamfuta sekta mai bayit 4096 alhali rumbun 512 yake nunawa. In an fito da shi, lissafin fatishan ya karkace, Windows ta ce a yi fomat, mutum ya ɗauka komai ya tafi. Kada a yar da allon kwanso sai an gama aiki.

Habu Fanel: Gaskiyarki Hajiya. A duba lambar samfurin tukuna.

Auwalu: To batun sa shi a firiza fa? Ana cewa sanyi yana tayar da shi.

Hajiya Rakiya: Tazarar allura da faranti 'yan nanomita ce, kuma farantin yana zagaye 5400 a minti. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin iska, raɓa za ta kwanta a kansa, rumbun kuma yana da ƙaramar kafar shan iska. Ɗigon raɓa a gaban allurar nan tamkar dutse ne a kan titi. Haka bugunsa da hannu, haka buɗe murfi a ɗaki don a leƙa. Garin neman gira a rasa ido.

Bashir: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana suna nan. Babban rumbu ne mai inci 3.5 mai adaftarsa daban. An jona masa cajar laftof bisa kuskure, yanzu ko motsi ba ya yi, adaftarsa ma in an jona sai fitilarta ta riƙa ƙiftawa.

Habu Fanel: Rumbun bolt 12 yake so, cajar laftof galibi 19 ce, bakin kuma iri ɗaya. Ƙiftawar adaftar tana nuna akwai gajeren haɗi. Ka fito da rumbun, ka kwance allonsa da sukudireban Torx, galibi T6 ko T8. Kusa da bakin wuta akwai dayod biyu na kariya, TVS, ɗaya na layin 12 ɗaya na layin 5. Aikinsu su ƙone su haɗe layin da ƙasa don sauran allon ya tsira. Ka auna da mita: wanda ya yi ƙara ta kowane ɓangare, kusan sifirin om, shi ne ya mutu. A cire shi, a duba fiyus ko rezisto mai sifirin om da ke kusa da shi ko ya yanke. Sau da yawa rumbun yana tashi. Amma yanzu ba shi da mai gadi, don haka wuta mai kyau, a kwashe fayiloli, shi ke nan. Allon kwanson ma ƙila ya ƙone, a gwada ta SATA, tare da lura da gargaɗin Hajiya.

Bashir: In allon ya ƙone gaba ɗaya, zan iya sa na wani irinsa?

Habu Fanel: Ba haka kawai ba. Kowane rumbu yana da ma'aunin alluransa da aka rubuta masa a masana'anta, a cikin ƙaramin ayisi mai ƙafa takwas. Sai an samo allo mai lamba ɗaya, an ɗauke wannan ayisin daga tsohon an dasa a sabon. A wasu allunan ma'aunin yana cikin babban ayisi, wannan sai mai na'ura ta musamman. In ba ka saba da iskar zafi ba, kada ka koya a kan wannan ayisin, in ya fashe aikin ya ninka wuya.

Malam Ɗanjuma: Tunda an zo nan, a faɗi iyakar aikin gida. Ƙwas-ƙwas a jere sannan mota ta tsaya, allura ce ta kasa karanta alamomin faranti. Ƙarar sauro babu juyawa bayan an tabbatar da wuta, allura ta manne a faranti ko mota ta cije. Ƙarar gurzawa, farantin ake karcewa. Duk ukun babu manhajar da za ta yi magani, sai masu ɗaki marar ƙura da allurar aro. Kowace kunnawa rage abin da za su iya cetowa take yi.

Nafisa: Ga rahoto. Zagayen farko ya ɗauki awa 14, ya kai kashi 99.62. Na lura saurin yana hawa megabayit 80 a daƙiƙa, sai ya faɗo ƙasa da 2, ya sake hawa, a jere haka. Na fara na biyu, awa shida ke nan, yana 99.97, amma yanzu da ƙyar yake ƙaruwa. In ƙara -r ɗin zuwa biyar?

Injiniya Sabo: Hawa da saukar nan a jere alamar allura ɗaya ce ta raunana, tunda rumbu yana karɓa-karɓa tsakanin fuskokin faranti. Kada ki ƙara. Abin da ya rage kusan megabayit 300 ne, kuma ƙila rabinsa fili ne. Ki tsayar da Ctrl da C, ki cire majinyacin ki ajiye. A duba ko abin da ake so ya fito. In wani muhimmin fayil ya faɗa cikin ramin, a lokacin ne za a koma a nace a kan wurinsa kaɗai, har a gwada -R, karatu daga baya zuwa gaba.

Hajiya Rakiya: In akwai wuri, ki yi wa rumbu.img kwafi na biyu kafin ki taɓa shi, don TestDisk, manhajar gyaran fatishan da za ki yi amfani da ita, yana iya rubutu a kansa. Sai ki rubuta testdisk rumbu.img, ki karɓi nau'in teburin da ya zaɓa, ki shiga Advanced, ki zaɓi fatishan, ki shiga Boot. Zai nuna halin sektar farko da ta ajiya, domin NTFS tana ɓoye kwafin sektar farko a ƙarshen fatishan. In ta farko ta lalace ta ajiyar tana lafiya, Backup BS zai mayar da ita. In List ya nuna foldoji, ba sai an gyara komai ba: ƙaramin a ya zaɓi duka, babban C ya kwafe zuwa inda kika nuna.

In MFT ta sami rauni foldoji suka ƙi fitowa, sai DMDE ko R-Studio, waɗanda suke tsinto ragowar rajista su sake gina bishiyar foldoji da sunaye. PhotoRec shi ne na ƙarshe. Ba ya kallon rajista, kan fayil yake shinshinawa, don haka zai zubo dubban fayiloli da lambobi a madadin suna, wanda kuma yake a warwatse a faranti ya fito a karye.

Nafisa: Alhamdu lillahi. Ya ce sektar farko ba ta da kyau, ta ajiya lafiya. Na danna Backup BS a kan kwafi na biyu, List ya nuna foldoji da sunayensu, ana kan kwafewa. Allah ya saka da alheri. Amma ta yaya zan san fayilolin da ramukan suka shafa? Ba zan iya buɗe su ɗaya-ɗaya ba.

Malam Ɗanjuma: Amin. Fayil ɗin da rami ya shafa zai kwafu da cikakken girmansa, sifirai ne kawai a wurin da aka rasa, don haka girma ba shaida ba ce. Ki yi amfani da ddru_ntfsfindbad, ki ba shi kwafi na biyun da kika gyara wa sektar farko da taswira.map, tare da inda fatishan ya fara a lissafin bayit. In fdisk -l ya nuna ya fara a sekta 2048, ki ninka da 512, ya zama 1048576. Zai fitar da jerin sunayen fayilolin da suka faɗa kan munanan sektoci. Bidiyo yakan jure, ɗan tsalle kawai za a gani. Hoton JPEG yakan lalace daga wurin ramin zuwa ƙasa. Fayil ɗin zip da takardun Word na docx, waɗanda su ma zip ne a ciki, sukan ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Nafisa: Jerin ya fito, fayiloli 41. Bidiyo 29, hotuna 11, sai takarda ɗaya da nake buƙata sosai.

Injiniya Sabo: To ita kaɗai za a bi. Ki buɗe rumbu.img a DMDE, ki nemo takardar, ki duba sektocin da take zaune a kai, daga ina zuwa ina. Ki ninka lambar sektar farko da 512 ki ba ddrescue da -i, tsawon kuma, shi ma a ninka da 512, da -s, da taswirar nan dai, sannan -d -r5. Ki tabbatar lambar daga farkon rumbu aka ƙirga ta, ba daga farkon fatishan ba, in ba haka ba sai kin ƙara 2048 ɗin. A kan rumbu.img na asali za ki yi, kuma ki bar majinyacin ya huce sosai kafin ki kunna shi.